Daga Sandar Matafiyi Zuwa Hasumiyar Agogo: Makka a Zamanin Yawon Buɗe Ido

A ɗakin kakata akwai wata tsohuwar adaka ta ƙarfe wadda ba a buɗe ta sai da dalili. Ta kakan mahaifina ce. A cikinta akwai tasbaha da zarenta ya tsinke, da wani ɗan gwangwani da aka liƙe bakinsa da dalma, wanda aka ce zamzam ne a ciki, sai kuma wata takarda da ta yi ja don tsufa, hatimai na Larabci da na Turanci sun hau kan juna a jikinta. Mai adakar ya bar gida a farkon shekarun 1930, ɗansa na goye. Da ya dawo ya tarar da yaron a makarantar allo, ya gaishe shi gaisuwar baƙo. Shekara bakwai ke nan, kuma daga cikinsu abin da ya yi a Makka da Madina bai cika wata huɗu ba. Sauran duk hanya ce ta cinye.

A azumin bara gwaggota ta tafi Umara. Ta tashi daga Kano da daddare, kafin azahar tana ɗawafi, bayan mako biyu kuma tana gida tana rabon dabino. Da muka zauna kallon hotunan da ke wayarta, sai na lura da wani abu: kusan duk hoton da ta ɗauka a harabar Masallacin Harami, abin da ido ke fara kamawa shi ne wata doguwar hasumiya mai agogo, Ɗakin Ka'aba kuwa yana can ƙasa, ƙarami. Ta ce ta tambayi jagoransu inda gidan Nana Khadija yake, sai ya nuna mata wani fili da aka shimfiɗe da farin dutse, ya ce a nan ƙarƙashi ne.

Tsakanin waɗannan tafiye-tafiye biyu akwai shekara casa'in da ɗoriya, kuma abin da ya faru a cikinsu shi nake so in bi diddiginsa. Abin da na fahimta shi ne, gwargwadon yadda hanyar Makka ta yi sauƙi, gwargwadon yadda tsohon birnin ya yi ta ɓacewa, kuma ba don rashin masoya ya ɓace ba, don yawansu ne.

Na san akwai wanda zai ji nauyin a haɗa aikin Hajji da yawon buɗe ido a magana ɗaya. Ni ma na ji. Mai yawon buɗe ido nishaɗi yake nema, alhaji kuwa farali yake saukewa, kuma niyya ta raba su tun daga gida. Sai dai masu ƙididdiga ba sa duban niyya. A wurin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawon buɗe ido, duk wanda ya ƙetare iyaka ya kwana a wata ƙasa ba don neman aiki ba, ya shiga lissafi, ko bakin teku ya je ko Arfa. Hukumar ta ƙiyasta irin waɗannan tafiye-tafiye a kan miliyan 25 a 1950. Sun kai biliyan ɗaya a 2012, sun doshi biliyan ɗaya da rabi a 2019. Jirgin da ya ɗauki waɗancan shi ya ɗauki alhazai, kamfanonin otal ɗin da suka sauke waɗancan su suka sauke alhazai. Saboda haka ba za a fahimci Makkar yau ba sai an sa ta cikin wannan lissafi.

Kafin zuwan injin, Hajji daga ƙasashenmu tafiya ce da ake yi mata sallama irin ta mutuwa. Mutum ya biya bashinsa, ya nemi gafarar dangi, wani ma ya raba abin da ya mallaka. Hanya ta farko ta arewa ce, ta ratsa Sahara zuwa Masar, a can a shiga babban ayarin Alƙahira. Ita sarakuna suka bi: Mansa Musa na Mali a 1324, wanda marubutan Masar suka ce zinarin da ya kashe ya karya darajar zinari a kasuwarsu, da Askiya Muhammadu na Songhai a wajen 1496. Sarakunan Kanem tun ƙarni na 13 suna da masauki a Alƙahira don ɗalibansu da alhazansu. Daga baya hanyar gabas ta fi karɓuwa: daga Borno a shiga Wadai, a ratsa Darfur da Kordofan, a ƙetare Nilu, a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan a hau jirgin ruwa mai filafilai zuwa Jidda. Wannan ita ce hanyar talaka, domin ba ta bukatar raƙumi ko jakar kuɗi, sai ƙafa da sana'a. Matafiyi ya tsaya a gari ya yi ƙodago damina guda, ko wanzanci, ko ɗinki, ko ya koyar da yara, ya tara guzuri ya ƙara gaba. Wahalar ta kai ga cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, duk da begen Madina da ya cika waƙoƙinsa, bai samu zuwa ba. Ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, daga nan ya juyo saboda bai nemi izinin mahaifinsa ba, kuma bai sake samun dama ba har ya rasu.

Zuwan Turawa ya ƙara cika wannan hanya da mutane. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, maniyyata daga yamma suka zama ginshiƙin ma'aikatansu. A nan kakan mahaifina ya yi shekara uku yana tsinkar auduga. Da yawa daga abokan tafiyarsa ba su wuce nan ba: sun yi aure, sun haihu, suna cewa baɗi za su ƙarasa, har jikokinsu suka zama Hausawan Sudan na yau. Wasu sun ƙarasa amma ba su juyo ba, suka zauna a Makka da Madina da Jidda, aka kira su Takari. Daga cikin zuriyarsu aka samu malamai irin Shaihu Umar Fallata, wanda ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi, kuma har yau sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata suna nan a makarantu da filayen ƙwallon Saudiyya.

Abin da ya ba ni mamaki a karatuna shi ne yadda kasuwar yawon buɗe ido ta shiga harkar Hajji da wuri. Thomas Cook, Baturen Ingilan da ake ɗauka a matsayin uban tafiyar da kamfani ke shirya wa mutum komai, ya fara ne a 1841 da ɗaukar mutane a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough. Shekara 45 bayan haka, a 1886, gwamnatin mulkin mallaka ta Indiya ta ba kamfaninsa aikin jigilar alhazai daga Bombay zuwa Jidda. Ba ƙaunar Musulmi ce ta sa ba. Jiragen ruwa masu tururi, da buɗe mashigin Suwez a 1869, sun sa mutane na isa Hijaz da yawa kuma da sauri, cuta ma ta samu abin hawa. Kwalarar da ta ɓarke a Hajjin 1865 ta kashe alhazai kimanin 15,000, ta bi masu komawa zuwa Masar, daga can ta shiga Turai. Nan take ƙasashen Turai suka fara kallon Hajji a matsayin matsalar lafiya da tsaro, suka yi taro a Istambul a 1866, aka kafa wuraren killace alhazai irin na tsibirin Kamaran. Fasfo da tikiti da shaidar rigakafi, waɗanda maniyyaci ke ɗauka yau kamar wani sashe ne na ibadar, daga nan suka samo asali. Kamfanin Cook bai ci riba ba, ya janye a 1893, domin dillalan gargajiya sun fi shi sanin jama'arsu. Amma tunanin cewa alhaji fasinja ne da za a ƙidaya, a tsara, a saka wa farashi, ya riga ya zauna. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulhamid na Biyu, ya mayar da martani da nasa aikin: layin dogo daga Dimashƙa, wanda ya isa Madina a 1908, ya mayar da tafiyar kwana arba'in ta 'yan kwanaki.

A 1924 mayaƙan Abdul'aziz ɗan Sa'ud suka shiga Makka, a shekarar da ta biyo suka karɓi Madina da Jidda. Sabuwar daular ba ta da wata hanyar samun kuɗi da ta kai harajin alhazai. A ƙarshen shekarun 1920 masu zuwa daga ƙetare sun haura 100,000 a shekara. Da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, adadin ya faɗo zuwa kusan 20,000 a 1933, baitulmali ya bushe. A wannan shekarar ce sarkin ya sa hannu a yarjejeniyar haƙar mai da wani kamfanin Amurka, kuma a 1938 mai ya ɓulɓulo a Dammam. Wato ƙarancin alhazai na daga cikin abin da ya tura Saudiyya neman fetur. Ya kamata a riƙe wannan, domin shekara tamanin bayan haka labarin zai juya da baya.

Kuɗin mai da jirgin sama suka haɗu suka sauya komai cikin ƙarni ɗaya bai cika ba. A ƙasarmu, attajiran Kano suka fara shirya jigilar maniyyata da manyan motoci zuwa Sudan a ƙarshen shekarun 1940, ba a daɗe ba kuma jirgi ya karɓe aikin. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai, kuma a 1977, lokacin da kuɗin mai ke zuba mana mu ma, alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Harshenmu kansa ya ɗauki alamun wannan zamani: kujerar Makka, haƙorin Makka, jirgin yawo, 'yan Kano-Jidda. A farkon shekarun 1980 alhazan ƙetare sun kai miliyan ɗaya. Bayan rikicin 1987, wanda mutane sama da 400 suka mutu a cikinsa, ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince a 1988 da tsarin kaso: kowace ƙasa maniyyaci dubu ɗaya a kan kowane Musulmi miliyan ɗaya. Duk da haka, a 2012 mutane fiye da miliyan uku suka tsaya a Arfa.

To, ina za a sa su? Makka kwari ce tsakanin duwatsu, ba ta da filin da za ta miƙe ƙafa. Makkar da kakan mahaifina ya gani birni ne na lunguna da gidaje masu hawa uku zuwa huɗu, masu tagogin katako da aka sassaƙa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa a cikin kasuwa ake yinsa, shaguna dama da hagu, mai ibada na kauce wa mai talla. Kakata ta ce tsohon yakan ba da labarin cewa mutum ba ya ganin Ka'aba sai ya ratsa lungu ya shiga ƙofa, sai kawai ya gan ta a gabansa, gwiwoyinsa su saki. Faɗaɗawar farko ta zamanin Saudiyya ta fara a 1955, ta shigar da wurin sa'ayi cikin masallaci. Ta Sarki Fahad ta biyo a ƙarshen shekarun 1980, ta Sarki Abdullahi kuma, wadda ta fi su duka girma, a 2011. Kowacce sai da ta ci unguwanni.

A nan dole in yi adalci, domin rushewar da aka yi iri uku ce, kuma ba daidai ba ne a zuba su a ƙwarya ɗaya. Iri na farko na aƙida ne. Malaman Najadu suna ganin gini a kan kabari da neman albarka a wurin tarihi ƙofa ce ta shirka, kuma suna da hujjojinsu daga hadisi. A kan haka aka rushe ƙubbobin maƙabartar Baƙi'a a Madina a 1806, aka sake rushe su a 1926. A kan haka kuma aka gina ɗakin karatu a wurin da ake cewa nan aka haifi Manzon Allah (SAW), aka binne harsashin gidan Nana Khadija bayan an tono shi a 1989. Wannan saɓani ne na malamai wanda ya girme ni, kuma a garinmu ma akwai masu kowane ra'ayi, a masallaci ɗaya wani lokaci. Iri na biyu na larura ne. Wanda ya tuna mutum 1,426 da suka mutu a ramin Mu'aisim a 1990, ko turmutsutsun Mina na 2015, wanda ya ci ɗaruruwan 'yan Nijeriya, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin, ba zai yi gardamar faɗaɗa hanya da gada da filin ɗawafi ba. Rai ya fi bango. Idan ginshiƙin da Turkawa suka kafa shekara ɗari huɗu da suka wuce zai sa a tattake tsohuwa, to a cire shi.

Iri na uku shi ne na kasa samar wa uzuri. A kan wani tudu da ke fuskantar masallacin daga kudu akwai ganuwar Ajyad, wadda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18 don tsaron birnin. Ba kabari ba ce, ba wanda ke neman tabarruki da ita, ba ta kuma tare wa kowa hanya ba. A farkon 2002 aka rushe ta, aka baje tudun kansa, gwamnatin Turkiyya ta yi ta kuka ba a saurare ta ba. A gurbinta aka gina Abrajul Bait, dogayen benaye bakwai na otal-otal da kantuna, aka kammala a 2012. Hasumiyar tsakiya, mai agogon da ya cika hotunan gwaggota, tsayinta mita 601 ne. Ɗakin Ka'aba bai wuce mita 15 ba. Gaskiya ne ginin waƙafi ne da kuɗinsa ke komawa hidimar masallatai biyu masu alfarma. Amma ba masallaci aka faɗaɗa ba, ɗakunan kwana aka ɗaga sama don a sayar da kallon Ka'aba ta taga, kuma farashin ɗaki yana hawa gwargwadon yadda tagar ta fuskance ta. Sami Angawi, masanin gine-gine ɗan asalin Makka wanda ya kafa cibiyar binciken aikin Hajji a 1975, ya yi shekaru yana ba da shawarar a bar tsakiyar birnin ga masu tafiya a ƙasa, a kai manyan gine-gine nesa, a riƙa kawo mutane da abin hawa. Ya taɓa ƙiyasta cewa gine-ginen tarihi aƙalla 300 aka baje a Makka da Madina cikin shekara hamsin. Akasin shawararsa aka bi.

Abin da wannan ya haifar ya wuce asarar tsofaffin bango. Harami tufa biyu ce fara, don kada a bambanta sarki da bawa. Amma tsarin birnin yanzu yana bambanta su tun kafin su kai ƙofar masallaci. Mai hali ya sauko daga bene cikin minti biyar yana sahu, har akwai masu bin sallah daga ɗakunan sallar otal. Talaka, wanda ya sayar da gona ko ya yi shekara goma yana adashe, masaukinsa na can bayan duwatsu, sai ya jira mota ko ya taka cikin rana. Da can ma akwai mai kuɗi da matalauci a Hajji, ba na musun haka. Mansa Musa bai kwana inda mai ƙodago ya kwana ba. Bambancin shi ne yanzu an zuba wannan rarrabuwa da siminti da ƙarfe, ta zama taswirar gari.

A 2016 labarin 1933 ya juyo. Farashin mai ya faɗi, Saudiyya ta fitar da shirinta na Hangen 2030 don rage dogaro da fetur, kuma baƙi na cikin abin da ta sa a gaba. Tun da Hajji kwanakinsa ƙidayayyu ne, Mina da Arfa kuma ba sa ƙaruwa, sai aka juya ga Umara, wadda ake yi a kowane wata. Burin shi ne masu Umara miliyan 30 daga ƙetare a kowace shekara. A 2023 sun kai kimanin miliyan 13 da rabi. Jirgin ƙasa mai gudun gaske ya haɗa Makka da Madina a 2018, tafiyar kilomita 450 ta koma ta awa biyu da 'yan mintuna. A watan Satumban 2019 aka fara ba da bizar yawon buɗe ido. Aka tsawaita bizar Umara zuwa kwana 90, aka ba mai ita damar zagaya ƙasar, aka kuma ƙyale mai kowace irin biza ya yi Umara. Ta manhajar Nusuk mutum ke neman lokacin shiga Rauda kamar yadda ake kama kujerar jirgi. A takardun shirin, alhaji baƙon Allah ne a wani shafi, a wani shafin kuma adadin darare ne da yawan riyal ɗin da ake so ya kashe.

Ba Makka kaɗai ke cikin wannan hali ba. Hanyar Santiyago a Sifen, wadda a tsakiyar shekarun 1980 'yan dubbai kawai ke kammala ta, mutum sama da 440,000 suka karɓi shaidar kammalawa a 2023, da yawansu ba don addini suka taka ba. Birnin Benis na Italiya ya fara karɓar yuro biyar a hannun masu yini a 2024 don rage cunkoso. Sai dai Benis na iya cewa baƙi sun ishe ta. Makka ba za ta iya ba, domin kusan mutum biliyan biyu ne ke fuskantar ta sau biyar a rana, kuma kowannensu yana da haƙƙin zuwa. Sau ɗaya kawai a zamaninmu aka ga birnin ba kowa, a 2020, lokacin annobar korona, da aka taƙaita Hajji ga kimanin mutum dubu daga mazauna ƙasar, bayan miliyan biyu da rabi na shekarar da ta gabata. Na tuna mahaifiyata tana kallon filin ɗawafi fayau a talabijin tana hawaye. Ba wanda ya ga wannan hoto ya yi fatan ya dawwama.

Sauƙin biza kuma ya zo da nasa haɗarin, domin ya zo daidai lokacin da Hajji ta hukuma ke fin ƙarfin talaka. A Nijeriya kujerar da ke kusan naira miliyan 3 a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025, har kason 95,000 da aka ba ƙasar a lokacin ya gagara cika. Sai mutane suka koma shiga da bizar ziyara su ɓuya har lokacin Hajji. Wani maƙwabcinmu ya ba wani dillali kuɗin shanunsa biyu a kan wannan alkawari, aka kai shi Jidda aka watsar, aka kama shi a shingen bincike aka dawo da shi ba tare da ya ga Arfa ba. Ya yi sa'a. A Hajjin 2024 zafi ya kusa kai maki 52 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Marar izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da mota, yana kuma tsoron zuwa asibiti. Waɗannan su ne magadan masu hajjin ƙasa, masu tafiya da ƙafa da tawakkali, a tsarin da ba shi da gurbinsu.

Wani abin da ke ɗaure mini kai shi ne, ƙasar da ta baje Ajyad yanzu ta gano cewa tarihi kuɗi ne. Wurin farko a Saudiyya da ya shiga jerin kayan tarihin duniya na hukumar UNESCO, a 2008, shi ne Hijir, wato Mada'in Salih, mai kaburburan da Nabaɗawa suka sassaƙa a duwatsu. Wuri ne da al'ada ta danganta da Samudawa, wanda Musulmi suka daɗe suna kauce wa kwana a cikinsa, yau kuwa shi ne kan gaba a tallan da ake yi wa Turawa. Dir'iyya, mahaifar gidan sarauta, ta shiga jerin a 2010, ana lallaɓa bangonta na ƙasa kamar ƙwai. Tsohon garin Jidda ya shiga a 2014 da laƙabin ƙofar Makka. An adana ƙofar, ɗakin kuwa an sake shi. A Makka abin da ake yi yanzu shi ne gina gidajen baje tarihi, irin cibiyar da aka buɗe a gindin dutsen da Kogon Hira yake a 2023, inda ake nuna wa baƙo da allunan lantarki kamannin abin da a da zai iya gani da idonsa. Na yarda ya fi babu. Amma ban san yadda za a kira shi ba idan aka rushe gida sannan aka sayar da tikitin kallon hotonsa.

Mu ma muna da abin da muka rasa a wannan rusau, ko da yake ba mu cika lissafa shi ba. Unguwannin da suka hau gangaren duwatsun da ke kewaye da Harami, irin Jabal Umar da aka share a tsakiyar shekarun 2000 don gina otal-otal, nan ne matalautan baƙi suka zauna tsawon zamani, cikinsu har da mutanenmu. A Jidda, daga ƙarshen 2021, an rushe unguwanni sama da 60, har da Karantina da Sabil, inda ake jin Hausa a kan titi, ake sayar da tsire da ƙosai. Hukuma ta ce matattarar laifi ce da gine-gine marasa izini, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a cikin waɗannan lunguna ne tarihin hanyar gabas ya ƙare: zauren da malami daga Katsina ya karantar, gidan da ake sauke 'yan gari idan sun iso, tsohuwar da ta san sunan kowane zango daga Maiduguri zuwa Sawakin domin a bayan uwarta ta ratsa su. Turkiyya ta yi kuka a kan ganuwarta saboda tana da takardu da hotuna da jami'o'in da suka rubuta ta. Namu ba ganuwa ba ne, mutane ne, kuma jami'o'inmu ba su aika kowa da rikoda ba kafin buldoza ta iso. A gida ma haka muke: jikokin masu hajjin ƙasa suna mutuwa da labaran a bakinsu, mu kuma muna rubuta kundin digiri a kan abin da Baturen bincike ya riga ya rubuta.

Da gwaggota ta dawo, ta kawo wa kakata zamzam lita biyar a jarkar roba, cikin kwalin da aka liƙe don jirgi, irin wanda ake ba kowane fasinja guda ɗaya. Aka zuba a kofuna aka zagaya da shi gida-gida, kafin la'asar ya ƙare. Da yamma na roƙi kakata ta buɗe adakar. Na ɗauki gwangwanin na girgiza a kusa da kunnena, ban ji motsin ruwa ba. Na ce mata da alama ya bushe tuntuni, ko mu fasa mu gani. Ta karɓe daga hannuna, ta ce wanda ya ɗauko shi daga Makka a ƙafa bai fasa ba, ta naɗe shi a tsummansa ta mayar, ta rufe adakar.